Yadda masu tsaro ke magana da kati a wasan birij

Wanda ya saba buga karta a majalisar Jekadafari ko Pantami a Gombe ya san yadda ake ƙyafta ido ko a yi gyaran murya don abokin wasa ya gane. A birij, wasan karta na mutum huɗu da ake bugawa biyu-biyu, duk wannan haramun ne a dokar wasa, har ma da yin jinkiri da gangan kafin a ajiye kati. Hanya ɗaya aka bar wa masu tsaro, wato biyun da ke ƙoƙarin hana ɗaya ɓangaren cika alkawarinsa, su yi magana da juna, ita ce katin da suka zaɓa suka ajiye. Ga shi kuma aikinsu ya fi na mai kwangila wuya, wato wanda ya yi alkawarin yawan zagayen da zai ci, domin shi yana kallon katinsa 13 da 13 na abokinsa da aka shimfiɗa a tebur, su kuwa kowa duhu yake a kan hannun ɗan'uwansa.

Magana tana farawa tun daga katin buɗewa, wanda mutumin da ke hagun mai kwangila yake fitarwa. In kana da manya a jere, kamar K Q J, fitar da na sama. In kwangilar babu tiram, wato irin da ke yanke sauran, kuma ba ka da jeri, ɗauki irin (♠, ♥, ♦ ko ♣) da ya fi tsawo a hannunka ka fitar da na huɗu daga sama. A nan ne lissafin 11 yake aiki: abokinka zai cire lambar katin daga 11, abin da ya rage shi ne yawan katunan da suka fi shi girma a sauran hannaye uku.

A ce abokinka ya buɗe da ♠7, a shimfiɗa, wato katunan da ke tebur, akwai K 5 2, kai kuma kana riƙe da A J 9 3. An cire 7 daga 11, saura 4. Ƙirga: K a tebur, A da J da 9 a hannunka, huɗu sun cika. Ke nan mai kwangila ba shi da ko ɗaya da ya wuce 7. In an sa 2 daga shimfiɗa, ajiye 3 ka bar 7 ta ci, abokinka ya sake ratsa K. Da yawa suna ɗaga A saboda an koya musu cewa na uku ya sa babba, sai su ba K ci a banza. Ƙa'idar na uku ya sa babba gaskiya ce, amma sai an duba tebur tukuna. In kuma manyan naka maƙwabta ne, kamar Q J, sa na ƙasa, don abokinka ya san mai yiwuwa Q tana wurinka.

Alama ta farko ita ce ta so ko ƙi, ana yin ta lokacin da abokinka ne ya fitar da irin. Babban kati yana nufin ci gaba, ƙarami yana nufin sauya. Tiram ♥ ne, ya buɗe da ♠A daga A K, kana da 9 2 kawai: sa 9, sannan 2, a zagaye na uku ka yanke da tiram. In 9 5 2 gare ka, sa 2. Wurin da ake yawan tuntuɓe shi ne katunan tsakiya. Lamba 6 ba babba ba ce, ba ƙarama ba ce, sai an duba waɗanda ba a gani ba. In 2 da 3 da 4 da 5 duk suna hannunka ko a tebur, to 6 ɗin abokinka ita ce mafi ƙanƙanta da yake da ita, cewa yake ka sauya. Kada kuma ka yi alama da katin da zai iya ci daga baya. 10 da aka jefar don a ce ana so ta sha zama cin da kwangila ta tsira da shi. Wasu suna juya tsarin, ƙarami ya zama so. Duk biyun suna aiki, muddin kun daidaita kafin a raba kati, kuma kun faɗa wa abokan hamayya in sun tambaya.

Ta biyu ita ce ta ƙirga, lokacin da mai kwangila ne ya ja irin. Babba sannan ƙarami yana nufin biyu ko huɗu. Ƙarami da farko yana nufin uku ko biyar. Amfaninta ya fi fitowa in shimfiɗa tana da dogon iri ba tare da wata ƙofar shiga ba, wato katin wani iri da zai ci ya mayar da jagora can. Babu tiram, tebur na da ♦K Q J 10 5, kai kana da A 7 2. Abokinka ya sa 3 a zagayen farko, kuma tunda 2 tana wurinka, ita ce ƙaramarsa: uku gare shi, mai kwangila biyu. Ƙyale na farko, ci na biyu, sauran ukun sun mutu a tebur. In 8 ya sa, ka ɗauka biyu gare shi, ka riƙe A har zagaye na uku. Wanda ya ci da wuri ya buɗe wa mai kwangila ci huɗu, wanda ya makara ya ba shi ɗaya kyauta.

Ta uku, wadda ake jingina wa Hy Lavinthal ɗan Amurka, tana nuna irin da kake so a dawo maka ta shi. Daga ƙasa zuwa sama jerin shi ne ♣, ♦, ♥, ♠. Tiram ♠ ne, abokinka ya buɗe da ♦ tilo, ka ci da A, za ka mayar masa ya yanke. Mayar da 9 in ƙofarka tana ♥, mayar da 2 in tana ♣, sai ya same ka ka sake ba shi yanka. Sababbin 'yan wasa suna ƙaunar wannan alamar har su riƙa ganinta a kowane kati, kuma ɓarnar da hakan ke yi ta fi ta rashin alama gaba ɗaya. A fara karanta kati a matsayin so ko ƙi, sai ƙirga, sai zaɓin iri in sauran biyun ba su da ma'ana a wurin.

Mai kwangila ma yana karanta duk abin da kuka ajiye. Makin manyan katuna 40 ne: A huɗu, K uku, Q biyu, J ɗaya. In cinikin kwangila da ake yi kafin a fara buga kati ya nuna shi da abokinsa suna da kusan 26, kai kana da 13, abokinka bai wuce maki ɗaya ba, da wuya ya karɓi jagora balle ya yi aiki da alamarka. A irin wannan hannun ajiye ƙananan katunanka ba tare da tsari ba, da saurin da ka saba, ka bar mai kwangila ya nemi inda Q take da kansa.