Sabon faifai ya ƙi aiki a sabar gida: yadda ake gano inda matsalar take

Sabar ajiyarka, wato kwamfutar da ke adana bayanan gida, ta cika, ka sayo faifan had-dis mai 8TB ka ɗaura, sai ya ƙi fitowa, ko ya fito na awa biyu ya ɓace, ko kuma ya dinga jefo kurakurai. Kafin ka naɗe shi ka koma wa mai shago a PZ ko Sabon Gari a Zariya, ka sani abubuwa huɗu ne ake zargi: wutar da ke shiga faifan, kebul ɗin bayanai, kafar da ya shiga a jikin bod, wato babban allon kwamfutar, sannan shi kansa faifan. Ana wanke su ɗaya bayan ɗaya. Idan ka canza kebul da kafa da fawa-fak, wato akwatin da ke raba wuta a cikin kwamfuta, lokaci guda matsalar ta tafi, ba ka san wanda ya warke ba, kuma za ta dawo.

Tukuna, kada ka haɗa sabon faifai da rumbun da bayananka ke ciki, wato faifan da aka haɗe suna aiki kamar ɗaya, sai ya ci jarrabawa shi kaɗai. Ka rubuta lambar siriyal ɗinsa a takarda, domin sunaye irin su sdb da sdc suna sauyawa bayan an sake kunna na'ura, kuma ta nan ne mutane ke goge faifan da ba shi suka nufa ba. A Linux, umarnin lsblk -o NAME,SIZE,MODEL,SERIAL zai nuna maka kowane faifai da lambarsa. In ka ga 7.3T a maimakon 8, ba cutarka aka yi ba, bambancin lissafi ne tsakanin masu ƙerawa da kwamfuta.

Fara da kunne da tafin hannu. Kunna sabar ka ɗora yatsu a kan faifan. Mai lafiya yana ɗan karkarwa, ka ji ƙarar juyawa tana hawa na 'yan daƙiƙu sannan ta daidaita. Idan shiru ne tsit, ba ɗumi ba motsi, wuta ce ba ta isa ba, ko kuma ta isa ta inda bai kamata ba. Faifan da aka ɓare daga akwatin USB, musamman masu farar takarda na Western Digital, da yawansu suna bin sigar 3.3 ta SATA, tsarin bakin da ke haɗa faifai da kwamfuta, inda fil na 3 a bakin wuta ya zama makunnin kashewa. Tsohon fawa-fak yana aika 3.3V ta wannan fil, faifan sai ya ɗauka an ce ya kwanta, ya ƙi tashi sam. Alamarsa ita ce yana aiki lafiya lau a cikin akwatinsa na USB. Maganin ɗan siririn salatif mai jure zafi a kan fil na 3, ana ƙirgawa daga gefen da bakin ya lanƙwasa kusa da bakin bayanai, ko kuma a ba shi wuta ta kebul ɗin Molex (tsohon bakin wuta mai fil huɗu) zuwa SATA, wanda ba ya ɗauke da 3.3V. Sai dai ka guji irin waɗanda aka narka roba a kan wayoyinsu. Su ne ke yawan kamawa da wuta. Nemi wanda wayoyin suka shiga bakin ɗaya-ɗaya kana ganinsu.

Idan yana tashi ya yi ƙas-ƙas ya mutu ya sake tashi, ko wani tsohon faifai ne ya fara ɓacewa tun da ka ƙara sabon, zargi fawa-fak. Faifai mai inci 3.5 yana cin wat 5 zuwa 9 idan ya daidaita, amma lokacin tashi yana jan kusan amfiya 2 a layin 12V. Faifai shida su tashi tare sun nemi kusan amfiya 12 a daƙiƙa ɗaya. Fawa-fak na hannu da aka rubuta masa 450W ba lallai ya iya bayarwa ba, balle idan an rataya su duka a reshen waya guda. Gwajin mai sauƙi ne: kashe sabar, cire wutar sauran faifan, bar sabon shi kaɗai. In ya tashi ya zauna, ka gano. Raba su a rassa biyu, kada ka wuce huɗu a reshe.

Yana juyawa lafiya amma bai fito a BIOS, shafin saitin da ke zuwa da an kunna kwamfuta, ba? Duba littafin bod ɗinka. Da yawa suna kashe kafar SATA ɗaya ko biyu da zarar an saka M.2, ƙaramin katin ajiya da ake sokawa a jikin bod. Idan katin ƙarin kafa kake amfani da shi irin LSI 9211-8i, kebul ɗin SFF-8087 iri biyu ne masu kama da juna kamar tagwaye, ɗaya daga kati zuwa faifai, ɗaya akasin haka. Na akasin ba zai nuna komai ba. Katunan da suka girme shi, masu guntun SAS1068, ba sa ganin abin da ya haura 2TB.

Yanzu a ce ya fito. Buɗe dmesg -w, mai nuna saƙonnin da Linux ke fitarwa, ka bar shi yana gudana. Saƙon "hard resetting link" da ke maimaituwa yawanci maganar kebul ce ko wuta. Saƙon "I/O error" da ke nuna sashe ɗaya kullum, wannan faifan ne. Sai ka tambayi faifan da kansa da smartctl -a /dev/sdX, ka sa harafin faifanka a wurin X. Layukan suna da yawa, kaɗan ne za su yanke hukunci, kuma lambar ƙarshen layi ake karantawa. Lamba 199 tana ƙirga bayanan da suka lalace a hanya tsakanin faifai da bod. Idan tana hawa, canza kebul, faifan ba ruwansa. Ba ta komawa sifili har abada, don haka rubuta adadin, canza kebul, ka duba ko ta tsaya. Lamba 5 sassan da suka mutu ne aka maye gurbinsu, 197 waɗanda aka kasa karantawa ana jiran hukunci, 198 da 187 kurakuran da ba su gyaru ba. A sabon faifai dole dukkansu su zama sifili. Ko ɗaya ka gani, mayar da shi, ba sai an yi ciniki ba.

Lamba 9 awannin aiki ne, kuma nan ake kama faifan da aka sayar da sunan sabo. Shekara guda awa 8,760 ce, to in ka ga 30,000 ya haura shekara uku yana juyawa. Ana iya goge wannan adadi. A faifan Seagate irin su Exos da IronWolf, smartctl -l farm, daga sigar 7.4 zuwa sama, yana fito da wata ƙididdiga ta daban. Idan ita da lamba 9 suka saɓa, an taɓa shi.

Lambobi masu tsabta ba su isa ba, domin faifai ba ya sanin sashe ya lalace sai ya je wurin. Yi smartctl -t short, minti biyu ne, sannan -t long, wanda ke karanta faifan daga farko zuwa ƙarshe, fiye da rabin yini a 8TB. Bayansa badblocks -wsv -b 4096, wanda ke rubutawa da karantawa sau huɗu kuma yana goge komai, don haka sake duba siriyal kafin ka danna. Zai iya cin kwana huɗu. A nan Zariya babbar matsalar ita ce wutar da za ta kai kwana huɗun ba yankewa. Idan aka ɗauke ta, gwajin ya katse, sai daga farko. Ɗora sabar a kan inbata ko UPS da zai riƙe ta har a tayar da janareta. In hakan ba zai samu ba, ƙara -t 0 ka yi zagaye ɗaya, kamar yini da kwana. Saboda wannan ne ya kamata tun wurin saye ka yi magana da mai shago ya ba ka mako guda na gwaji, a rubuce a jikin rasit. Ana gamawa ka sake karanta 5 da 197.

Ka sa ido kan lamba 194, zafin faifan. A Maris da Afrilu ɗaki mai rufin kwano yana iya kai faifan da ba fanka a gabansa sama da digiri 50. Nemi ƙasa da 45. Ƙurar hunturu kuma tana toshe ragar gaban akwati, a wanke ta kafin zafi ya shigo.

Akwai faifan da zai ci duk jarrabawar nan amma ya faɗi ranar haɗa shi da rumbu: gudu ya ragu har kusan tsayawa, ZFS ko katin RAID, masu kula da rumbun, su fitar da shi. Sau da yawa SMR ne, wanda ke jera layukan rubutu suna hawa kan juna, sai ya shaƙe idan rubutu ya yi tsawo. A 2020 aka gano WD Red masu 2TB zuwa 6TB da ke ƙarewa da EFAX irinsa ne, haka Seagate Barracuda ST8000DM004. Bai lalace ba, aikin ne ba nasa ba. Nemi CMR, wanda layukansa ba sa hawa kan juna, irin WD Red Plus ko IronWolf. Idan kuma sabar ta ƙi karɓarsa tana cewa akwai tsohon tsari a kai, wipefs -a zai share alamar.

Faɗaɗa rumbu, da mdadm --grow ko da faɗaɗa RAIDZ da ya zo a OpenZFS 2.3, yana karanta kowane lungu na tsofaffin faifan, kuma a nan mai rauni cikinsu ke bayyana. Yi musu scrub, wato tantance dukkan bayanan da ke rumbun, da gwajin -t long, kwafi abin da ba za ka iya rasawa ba zuwa wani faifai na waje, ka tabbatar batirin inbata a cike yake, sannan ka fara.