Yadda Ake Koya wa Ɗaliban NCE Siffofi da Awo Kafin Su Kama Ajin Firamare

Ɗalibin da ya shigo kwalejin ilimi ya riga ya haddace cewa tsawo sau faɗi shi ne girman fili. Ka tambaye shi me ya sa ake yin sau maimakon tarawa, sai ya yi tsuru-tsuru. Shi ne kuma bayan shekara uku zai karɓi takardar shaidar malanta ta NCE, a damƙa masa aji huɗu. Don haka a makonnin farko ka hana kowa rubuta ƙa'ida a allo. Duk abin da za a faɗa, a fara taɓa shi da hannu.

Kayan aiki ba su da yawa: kwalin ashana, zare, almakashi, tsofaffin kwalaye, tef ɗin tela, littafin lissafi mai gida-gida da gwangwanaye. Kada a sa ɗalibai karo-karon sayen siffofin roba na kanti. Makarantar da za a tura su ba ta da su, kuma malamin da ya saba da kayan kanti, ranar da ya rasa su alli kawai zai koma.

Fara da awo ba tare da rula ba. Ka sa mutum biyar su auna tsawon ajin da taku, wasu su auna tebur da kamu, a rubuta amsoshin a allo. Ba za su zo ɗaya ba. Daga nan su da kansu za su faɗi amfanin mita, yadda kowa ya san mudun wata kasuwa ba lalle ya yi daidai da na wata ba. Sai ka raba musu rular kwali da aka yanke mata kai, ta fara daga 3. Fensir ya kama daga 3 zuwa 11: wasu za su ce 11, wasu su ƙirga layuka su ce 9. Amsar 8 ce, domin tazara ake ƙirgawa. Yaron da ke ɗora abu a kan 1 maimakon sifiri irin wannan kuskuren yake yi, kuma malamin da bai taɓa faɗawa ramin ba, ba zai gane shi a littafin yaro ba. A lura da tef ɗin tela, gefe ɗaya inci ne, ɗayan santimita.

Yanzu ga inda ake faɗuwa: kewaye da girman fili. A nan za ka kashe lokaci, ko da darasi uku ne. Yawancin ɗalibai suna ɗauke da wani zato da ba su taɓa furtawa ba, cewa in kewaye ya ƙaru dole fili ya ƙaru, in kewayen siffa biyu ɗaya ne to filinsu ɗaya ne. Faɗa musu da baki cewa ba haka ba ne ba ya cire shi.

Ka ba kowane rukuni tsinken ashana 24, su shata rektangul (siffa mai gefe huɗu, kowace kusurwa digiri 90) da su duka, kada a bar ko ɗaya. Kafin su fara, kowa ya rubuta hasashensa a takarda: filin zai canza ko a'a? Wannan rubutun dole ne, in ba haka ba bayan an ga amsa kowa zai ce dama ya sani. Za su samu siffa shida. Ɗaya da sha ɗaya yana ɗaukar gida 11, biyu da goma 20, uku da tara 27, huɗu da takwas 32, biyar da bakwai 35, shida da shida 36. Kewaye bai motsa daga 24 ba, fili ya ninka fiye da sau uku. Kada ka yarda su samo waɗannan lambobi da jadawalin sau. Su zana a littafi mai gida-gida su ƙirga gida-gida, har wani ya gaji ya ce ai layin farko gida biyar ne, kuma layi bakwai ne. Shi ke nan ƙa'idar tsawo sau faɗi ta fito daga bakin ɗalibi, yanzu a rubuta ta a allo.

A darasi na gaba a juya aikin. A yanka ƙananan murabba'ai 24 daga kwali, a jera su rektangul. Ɗaya da 24 kewayensa 50, biyu da 12 kewayensa 28, uku da takwas 22, huɗu da shida 20. Kuskuren da zai bayyana a nan shi ne ƙirga kwalayen da ke baki-baki a ce su ne kewaye. A huɗu da shida za su samu 16, ba 20 ba, saboda kowane kwalin kusurwa gefe biyu yake bayarwa. Maganinsa zare: a zagaya siffar da shi, a miƙe shi a kan rula. Kewaye abin miƙewa ne, fili abin shimfiɗawa.

Sai a kawo maganar filoti, domin kowa a ajin ya taɓa jin cinikinsa. Mai ƙafa 50 da 50 da mai ƙafa 100 da 100, sau nawa babban ya fi ƙaramin? Da yawa za su ce biyu. Huɗu ne: 2,500 da 10,000. Katangar ce kawai ta ninka biyu. Da wannan za ka kama ɗaya kuskuren, na cewa murabba'in mita ɗaya santimita 100 ne. A shata mita ɗaya da mita ɗaya a daɓen aji da alli, a ja layin gida 100 a gefe ɗaya, su ga ana buƙatar irin wannan layi 100, wato 10,000. Kuma duk amsar da ba ta da ma'auni a gefenta, a soke ta. Lamba 36 tsirara ba amsa ba ce.

Alwatika ba ta buƙatar dogon bayani in an yi wancan da kyau. A yanka rektangul daga kusurwa zuwa kusurwa, a ɗora rabi kan rabi, an ga inda rabin da ke cikin ƙa'idar filin alwatika ya fito. A yage kusurwoyi uku na kowace alwatika a jera su, su ba da miƙaƙƙen layi, digiri 180.

Wajen sunayen siffofi, daina zana su a zaune daram. Ka juya murabba'i ya tsaya a kan kusurwa, za ka ji an ce ya tashi daga murabba'i. Wasu malamai biyu 'yan Holan, Pierre da Dina van Hiele, sun bayyana a 1957 cewa mai koyo yana fara gane siffa da kamanninta ne kafin ya kai ga sharuɗɗanta na gefe da kusurwa, kuma darasi ne ke ɗaga shi, ba shekaru ba. Tambayar gwaji ita ce: murabba'i rektangul ne? Eh, amma a bar su su yi gardama sai sun kafa hujja da gefe da kusurwa.

Da'ira kuwa, a naɗa zare a bakin gwangwanin madara, faranti da bokiti, a auna tsawon zaren, a raba shi da faɗin bakin kowanne. Amsa za ta riƙa faɗowa kusa da uku da ɗoriya. Wanda ya kawo 3.14 ɗin da ke littafi cif sau uku, bai auna ba. Na lita, a haɗa akwatin kwali santimita 10 ta kowane gefe, a shimfiɗa leda a ciki, a juye ruwan leda biyu masu rabin lita.

Kafin su fita koyarwar gwaji, kowa ya koyar da minti goma a gaban 'yan ajinsu, kai kuma ka zauna a baya a matsayin yaro, ka ɗaga hannu ka ce kewayen huɗu da shida 16 ne. Makin yana kan ko ya gano yadda aka yi ka samu 16 ɗin.