Kurakuran da Sababbin Malamai Ke Yi Wajen Koya wa Yara Rubutu

Na gaji da ganin sababbin malamai suna maimaita kuskuren da ni kaina na tafka a shekarata ta farko a aji, wato cika rubutun ƙaramin yaro da jan biro. Wata yarinya 'yar shekara shida ta rubuta mini "mkrt" tana nufin "makaranta", ni kuwa na soke shi, na sa ta kwafi kalmar sau goma. Tun daga ranar ta daina rubuta duk abin da ba ta gani a allo ba, kuma sai da zango guda ya wuce kafin na shawo kanta.

Abin da ban gane ba shi ne, yarinyar ta ji gaɓoɓi huɗu a kalmar, ta ba kowace gaɓa harafi ɗaya. Wasu masu bincike kan yadda yara ke koyon rubutu, Emilia Ferreiro da Ana Teberosky, sun bayyana wannan mataki tun 1979, a bincikensu kan yaran Ajantina. Yaro yakan fara da jagwalgwalo, ya koma zana abin da ya yi kama da haruffa, ya biyo ta wannan matakin, sannan ya iya haɗa baƙi da wasali. Yanzu nakan sa yaro ya karanta mini abin da ya rubuta yana bi da yatsa, in rubuta daidai a ƙasa da fensir, in koya masa abu ɗaya tak, misali wasalin da ya tsallake.

Kuskure na biyu ya fi ba ni haushi. Malam, ka cika allo, yara sun kwafa tsaf, ka duba littattafai ka ce sun iya rubutu? Hannunsu ka horar, ba ka taɓa tunaninsu ba, kuma ranar da ka ce su yi insha'i za ka ga idanu zuru-zuru. Ni nakan bar yaro ya zana hoto, ya faɗi labarinsa da baki, sannan ya rubuta ko da jimla ɗaya ce. Nakan kuma yi nawa rubutun a gabansu ina faɗin abin da nake tunani, har ina sokewa ina sakewa.

Juya "b" da "d" ba abin tashin hankali ba ne kafin shekara bakwai. Lanƙwasar ɓ, ɗ da ƙ kuwa, a koyar da ita ta kunne, yaro ya ji bambancin "kafa" da "ƙafa" kafin a nemi ya rubuta.