Darasi na 9: Ƙaramin Ƙuda Mai Doro

Kun taɓa korar wani ɗan ƙuda a bakin tulu ko wurin wanke-wanke, maimakon ya tashi sai ya ruga da ƙafa, ya tsaya cak, ya sake rugawa? Ku dube shi da kyau, za ku ga bayansa ya yi doro. Shi za mu karanta yau.

Kamar yadda makiyayi ke bambanta bunaji da rahaji, haka masana ke rarraba ƙwari dangi-dangi. Ƙuda da sauro da tsando duk babban gida ɗaya suke, na masu fiffike biyu kacal. A cikin gidan nan akwai dangin da ake kira Phoridae, dangin mai doro ke nan. An san iri wajen 4,000 a cikinsa, kuma kusan rabinsu 'yan zuri'a ɗaya ne, wato Megaselia. Manyansu ba su wuce milimita 6 ba. A shekarar 2012 aka bayyana wani iri daga ƙasar Tailan mai tsawon milimita 0.4, ko ƙwayar gero ta ninka shi nesa ba kusa ba.

Suna ko'ina a duniya, amma sun fi yawa a ƙasashe masu zafi. Wani iri, Megaselia scalaris, ya bi kayan fatauci ya bazu nahiyoyi daban-daban. Shi ne ya fi damunmu, domin ba ya zaɓen abinci. Macen tana zuba ƙwai a ruɓaɓɓen tumatir, mushen ɓera, bakin masai, kwatar da ta toshe. Tsutsarsa takan shiga har miki idan an bar shi a buɗe. Wannan kam ba abin wasa ba ne, musamman a gidan da ake jinya.

Saboda haka idan kun gan su da yawa a ɗaki, feshin magani kaɗai ba zai raba ku da su ba. Akwai wani abu mai danshi da ke ruɓa kusa. Ku neme shi: ƙarƙashin randa, bayan buhun albasa, cikin rariya. Ku kwashe, ku wanke, ku bar wurin ya bushe. Ku rufe masai da murfi, miki kuma da tsabtataccen bandeji.

Aiki

Karanta da ƙarfi: ƙuda, doro, tsutsa, danshi, ruɓa.

Rubuta 4,000 da 2012 da kalmomi.

Zagaya gidanka yau, ka rubuta wurare uku da ruwa ke kwanciya, ka kawo aji gobe.