Yadda na gyara muryar tsohuwar rediyon Baba

Alhamdu lillahi, an samu, kuma godiya ga kafintan unguwarmu a Birni da ya yanka min sabon allon gaban rediyon.

Akwatin rediyon Philips ne na katako da Baba ya bari, kayan cikinsa sun mutu tuntuni. Na kwashe su, na kafe lasifika biyu masu inci 6, ohm 8 kowace, a sabon allon gaba, na sa ƙaramin amfilifaya (na'urar ƙara ƙarfin sauti) TPA3116 mai Bluetooth. Bayan akwatin na bar shi a buɗe da gangan. Da na kunna, murya siririya kamar ta gwangwani, ganga ba ta fita sam.

Na zargi wuta, na sauya caja daga volt 12 zuwa 19. Ƙara ta ƙaru, kaurin bai zo ba. Na rufe bayan da kwali, sai gunji kawai.

Ashe wayoyi ne. Na cire su daga amfilifaya, na taɓa batir mai volt 1.5 a kan kowace lasifika, jar waya a kan +. Fuskar lasifikar hagu ta turo gaba, ta dama ta shige ciki, wato ɗaya tana kashe abin da ɗaya ke yi. Na juya wayoyin ta dama. Kada a haɗa baƙaƙen wayoyin lasifikun biyu wuri guda, wannan amfilifayan ba ya ɗaukar haka.

Sannan na toshe ratar da ke tsakanin bakin lasifika da allon da robar tiyub ɗin babur, na janye akwatin kusan mita ɗaya daga bango. Yanzu ana jin ganga har zaure.