Yadda garuruwa biyu maƙwabta za su haɗa hannu wajen tsawaita titi da buɗe unguwar masana'antu

Titin da ya haɗa garuruwa biyu ya fi mutuwa a daidai kan iyaka, wurin da kowace mahaliyya (ƙaramar hukuma) ke ganin gyaran na ɗayar ne. Duk mai bin hanyoyin Sinnar, Sinja ko ƙauyukan Gadarif a Sudan da damina ya san irin wuraren nan da lori ke kafewa har kwana biyu. Saboda haka aikin farko ba na gireda ba ne, na takarda ne.

A kafa kwamiti ɗaya, ba biyu ba. Ya ƙunshi injiniyan wilaya (jiha), jami'in filaye, umda (hakimi) ko shehin kowane gari, da wakilan manoma, makiyaya da 'yan kasuwa. A rubuta wanda zai biya kowace kilomita, wanda zai gyara ta bayan an gama, da yadda za a raba kuɗin shiga. Na ƙarshen nan ne ke ɓata zumunci. Masana'antun za su zauna a ƙasar gari ɗaya, haraji ya tafi can, alhali ɗaya garin na shan ƙura da nauyin motoci. A yanke kason kowa tun filin yana fayau.

Sai ƙasa. Dokar filaye ta 1970 ta mai da duk filin da ba shi da rajista mallakar gwamnati, kuma gonakin da yawancin mutanenmu suka gada ba su da takarda. In aka tsaya kan takarda kaɗai, za a zalunci mai gona, shi kuma zai tare aikin. A zagaya da safiyo da dattawan da suka san iyakoki, a rubuta sunan mai noma kowane fegi da itatuwan da ke ciki, a sa ranar rufe ƙidaya kafin a bayyana layin titin, don kada a wayi gari da sababbin bukkoki na neman diyya. Lissafin ba wuya: faddan ɗaya murabba'in mita 4,200 ne, don haka hanya mai faɗin mita 40 tana cin kusan faddan tara da rabi a kowace kilomita. A bar wa dabbobi mashiga a inda titin ya yanke burtali.

Babban abokin gāba shi ne baƙar lakar nan ta Jazira da Gadarif. Da rani takan tsage har hannu ya shige, da damina ta sha ruwa ta kumbura. Kwaltar da aka shimfiɗa a kanta kai tsaye takan fara tsagewa ta gefe, a tsaye tare da titin, domin gefen ne ke jiƙa ya bushe, tsakiya kuwa tana nan yadda take. Maganinta a kankare saman, a ɗaga radmiyya, wato tudun da titi ke zama a kai, da ƙasar da ba ta kumbura, ta haura iyakar ambaliyar da aka sani. A zuba ta hawa-hawa, kowane hawa kada ya wuce santimita 20, a yayyafa ruwa, rola ta danne, a gwada taurinsa kafin a ɗora na gaba. Inda ƙasa mai kyau ta yi nisa, ana gauraya lakar da jir (farar ƙasa), wajen kashi 3 zuwa 6 cikin ɗari, gwargwadon abin da gwaji ya nuna. Faɗin kwalta mita 7, da kafaɗa mai faɗi a kowane gefe, ita ma a rufe ta in da hali. Kada a yarda ɗan kwangila ya haƙi ramin ɗibar ƙasa a gindin titi. Tafki zai zama, ya riƙa shayar da lakar.

Radmiyya kuma madatsa ce. In garin da ke tudu ya yi kwalbatocinsa ba shawara, ruwansa a gidajen maƙwabcinsa zai sauka. A zana magudanar titin gaba ɗaya a taswira guda, a bi kowane kwari da ƙafa bayan ruwan sama, a tambayi tsofaffi inda ruwa ya kai a shekarar babbar ambaliya.

Wajen zaɓen filin masana'antu, a duba iska. A tsakiyar Sudan tana busowa daga arewa da rani, daga kudu maso yamma da damina, don haka kada a ajiye hayaƙi a waɗannan kusurwoyi biyu na gari. Majema da duk mai zubar da ruwan datti su kasance ƙasa da wurin da ake jan ruwan sha. Matatun man riɗi da na gyaɗa da injinan niƙa su samu layin wuta da taransifomarsu daban da ta unguwanni.

Kada a raba filaye sai titi, ruwa da wuta sun iso, kuma a sa sharaɗin gini cikin shekara biyu, in ba haka ba a karɓe. A bakin mashiga a kafa sikelin auna motoci: in nauyin da ke kan gatari ya ninka, ɓarnar da yake yi wa kwalta takan kai kusan ninki goma sha shida. Kuɗin tarar ya shiga asusun gyara na haɗin gwiwa, wanda ba a taɓa shi sai da sa hannun garuruwan biyu, kuma a yashe kwalbatoci da shi kowane watan Mayu kafin ruwan farko.