Yadda Ake Lissafa Iskar Kabon da Gida Ke Fitarwa, Sannan a Rage Ta

Iskar kabon dayoksaid ba ta da launi kuma ba ta da wari, shi ya sa mutane da yawa ba su san yawan wadda suke saki a kullum ba. Kafin juyin masana'antu, adadinta a sararin samaniya yana wajen kashi 280 cikin miliyan. Lokacin da masanin kimiyya Charles Keeling ya fara auna ta a kan dutsen Mauna Loa na tsibirin Hawai a 1958, ya samu kusan 315, yau kuwa ta haura 420. Wannan iska ce ke riƙe zafin da ya kamata ya fice daga duniya, har ake ganin ƙaruwar zafi da fari da ambaliya. Teku kuma yana shanye kusan kashi ɗaya cikin huɗu na abin da ake saki, ruwansa yana ƙara tsami, abin da ke cutar da murjani da halittu masu ɓawo.

Matakin farko shi ne a ware wata guda ana rubuta litocin fetur ko dizal da aka zuba wa mota da babur da janareta, da kilon gas ɗin girki, da yawan lantarkin da mita ta nuna.

Mataki na biyu shi ne lissafi, kuma a nan ne ido ke buɗewa. Lita ɗaya ta fetur tana fitar da kusan kilo 2.3 na wannan iska, ta dizal kusan kilo 2.7, kilo ɗaya na gas kuwa wajen kilo 3. Ke nan motar da ke shan lita 100 a wata tana sakin kilo 230, wato kilo 2,760 a shekara. Mai karatu zai iya tambayar yadda litar da nauyinta bai kai kilo ɗaya ba take haifar da fiye da kilo biyu. Dalili shi ne, yayin ƙonewa, kabon ɗin da ke cikin man yana haɗuwa da iskar oksijin, nauyin ya ƙaru. Lantarki ya danganta da tushensa: wanda aka samar da kwal yana fitar da kusan kilo ɗaya a kan kowane kilowat na awa guda (wato yunit ɗaya a mita), na ruwa da na hasken rana kuwa kaɗan ne ƙwarai.

Mataki na uku, a fara da abin da ya fi girma a lissafin. A ganina, kuskure ne mutum ya damu da cire cajar waya alhali motarsa tana ɓarnar mai kullum. A haɗa tafiye-tafiye a fita ɗaya, a tabbatar tayoyi suna da isasshiyar iska, a kashe inji idan tsayuwa za ta yi tsawo. A gida, a rage aikin na'urar sanyaya ɗaki, a kuma sauya tsofaffin ƙwayayen wuta da na LED, waɗanda ke rage cin lantarki da kusan kashi 75 cikin ɗari.

Daga nan a daina ƙona shara, musamman leda da roba. Dasa itatuwa abu ne mai kyau, amma itace yana ɗaukar shekaru kafin ya shanye abin da mota ke saki cikin 'yan makonni.

Bayan wata uku a sake lissafin, a kwatanta da na farko, tare da lura da cewa lokacin zafi da na sanyi ba sa cin lantarki iri ɗaya.